Gishiri, Zango da Amana: Waiwaye Kan Zaman Hausawa a Obi

 

Akwai wata tambaya da ke yawan tasowa a tsakanin matasanmu, musamman idan lokacin neman gurbin karatu ko ɗaukar aiki ya zo aka ce kowa ya kawo takardar shaidar asalinsa. Tambayar ita ce, wai shin mu 'yan ina ne? An haifi yaro a Obi, an haifi mahaifinsa a Obi, kakansa yana kwance a maƙabartar garin, amma idan ya je Kano ko Katsina da an ji harshensa sai a ce baƙo ne, idan ya dawo nan ma a ce baƙo ne. A nawa ganin ba za mu iya amsa wannan tambaya ba sai mun san abin da ya kawo kakanninmu, da yadda aka karɓe su, da abin da suka bar mana. Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya, to yau bari mu ɗan waiwaya.

Masu gari

Ladabi shi ne a fara da mai gida. Obi garin Alago ne, sarkinta kuma shi ne Osuko, kamar yadda na Keana yake Osana, na Doma kuma Andoma. Tarihin baka na Alago ya danganta asalinsu da daular Kwararrafa, wadda ta yi ƙarfi a kwarin Binuwai har ta riƙa kai yaƙi Kano a ƙarni na 17. Bayan Alago, a Ƙaramar Hukumar Obi akwai Migili, waɗanda muka fi sani da Koro, akwai Gwandara, Eggon, Tiv, Fulani da mu Hausawa. A ƙidayar 2006 an ƙirga mutane kimanin 149,000 a ƙaramar hukumar.

Duk wanda ya san hanyoyin yankin ya san dalilin da ya sa Obi ta zama garin kasuwa. Tana kudu maso gabas da Lafia, a kan hanyar da ta wuce Awe, daga nan ne kuma ake ratsewa zuwa Keana. Wato tana tsakanin babban birni da garuruwan gishiri. Gari irin wannan ko bai nemi baƙi ba, baƙi za su neme shi. Mai karatu ya duba sunayen wasu mazaɓun ƙaramar hukumar, irin su Tudun Adabu da Gidan Ausa, zai ga kalmomin Hausa sun daɗe da shiga bakin mutanen wannan ƙasa.

Gishiri ne ya share hanya

Masana ilimin ƙasa sun ce kimanin shekara miliyan 100 da suka wuce ruwan teku ya taɓa mamaye kwarin Binuwai. A cikin duwatsun da suka taru a wancan zamani ake samun ruwan gishirin da ke ɓuɓɓugowa a Keana, Awe da Azara, da kuma gawayin kwal ɗin da aka gano tsakanin Lafia da Obi. Yau gishiri abu ne mai arha, yaro ma za a aika ya sayo, amma a da dukiya ce. Mutum yana buƙatarsa, dabba tana buƙatarsa, majemi yana buƙatarsa, ga shi ba ko'ina ake samunsa ba. Ƙasar Hausa tana samun kantu daga Bilma ta hanyar ayarin Buzaye, tana samun mangul daga ƙasar Manga ta Barno. Mutanen tsakiyar Nijeriya kuwa gishirin Binuwai ya fi kusa da su.

A Keana dafa gishiri aikin mata ne, uwa ke koya wa 'yarta. Idan rani ya yi, sai su ɗebo ruwan gishiri su yayyafa a fili, rana ta busar da shi, su kankare ƙasar da ta yi fari-fari su zuba a tukwane masu huda a ƙasa. Sai a sake kwarara ruwan gishirin a kai, ya tsiyaye ya fito da ƙarfinsa, sannan a dafa shi da itace har ruwan ya ƙone gishiri ya kwanta. Aiki ne na wuta da hayaƙi da haƙuri. Har yanzu mutanen Keana suna bikin gishiri da suke kira Oyarore.

Fatake kuma su ne masu ɗauka. Ayari zai taso daga arewa ƙarƙashin madugu, da jakuna da 'yan dako, ɗauke da tufafin saƙi da na rini, kanwa, kayan fata, dawaki da duwatsun ado. Su sauke wasu, su ɗauki gishiri, su ci gaba. Wasu su gangara bakin Binuwai, wasu su juya arewa kafin damina ta rufe hanya.

Zango da fatoma

Bafatake ba ya shiga gari haka kawai. Zai sauka a zango, a bayan gari ko a gefensa, a filin da sarkin garin ya ba da. Zai kai gaisuwa fada. Zai samu fatoma, wato mai masauki, wanda zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya yi masa tafinta, ya haɗa shi da dillali, kuma ya tsaya masa idan an yi bashi. Shi kuma ya samu la'adarsa. Babu banki, babu takardar yarjejeniya, babu kotun da za ta bi mutum daga Keana zuwa Katsina. Abin da ke riƙe cinikin shi ne amana. Wanda ya ci amana sau ɗaya, labarinsa zai riga shi isa zango na gaba.

A hankali wasu fatake suka daina komawa. Wani ciwo ya kwantar da shi ayari ya tafi ya bar shi, wani aure ya riƙe shi, wani kuma ya ga zama fatoma ya fi yawo riba. Sai mahauci ya biyo, wanzami ya biyo, maƙeri, baduku, marini, da malamin allo wanda zai ja salla ya raɗa suna ya yi wa mamaci sutura. Haka zango yake zama unguwa, unguwa ta samu masallaci da liman da shugaba. A gidanmu abin da manya suka gaya mana shi ne fatauci ya kawo kakanmu, kuma wani dattijo ɗan gari ne ya nuna masa inda zai kafa bukka. Na tabbata idan kowannenmu ya tambaya a gidansu, irin wannan labarin zai ji.

Wannan gangarowa kudu ta girmi jihadin Shehu Usman Ɗanfodiyo na 1804 nesa ba kusa ba. Gwandara, waɗanda ke Giza da Shabu da wasu garuruwa, tarihinsu ya ce daga Kano suka taso, kuma masana harshe sun tabbatar harshensu shi ne ya fi kowane kusanci da Hausa. A ƙasar Jukun akwai Abakwariga, zuriyar Hausawan da suka zauna tun da daɗewa suna saƙa da rini da fatauci har suka saje da masu gari. Farfesa Mahdi Adamu ya bi sawun irin wannan yaɗuwa ta Hausawa a littafinsa na 1978.

Daga baya manyan garuruwan Musulmi suka kafu. Barebari ƙarƙashin Muhammadu Dunama suka kafa Lafia a ƙarshen ƙarni na 18, a 1817 kuma Yakubun Bauchi ya kewaye ta da yaƙi, daga nan ta koma bin Bauchi. Abdu Zanga ya kafa Keffi wajen 1800, Umaru Makama Dogo ya kafa Nasarawa a shekarun 1830, dukansu biyu suna bin Zazzau. A zamanin Sarkin Lafia Muhammadu Agwai, daga 1881 zuwa 1903, kasuwar Lafia ta bunƙasa ƙwarai, aka kuma buɗe hanyar ciniki zuwa Loko a bakin Binuwai.

A nan ya kamata a faɗi gaskiya ko da ɗaci. Hanyar da ta ɗauki gishiri da tufafi ita ce kuma ta ɗauki bayi. A ƙarni na 19 an riƙa kai hare-hare kan ƙauyukan wannan yanki, aka kwashi mutane aka sayar. Mu muna tuna madugu da ayari, maƙwabtanmu da yawa kuwa kakanninsu sun ba su labarin gudu zuwa kan duwatsu da cikin kurmi. Wanda bai san wannan ba, ba zai gane dalilin da ya sa wata magana da yake gani wasa ce take yi wa maƙwabcinsa zafi ba.

Turawa, jirgin ƙasa da doya

Turawan Ingila sun fara shigowa ta ruwa. A 1854 Dakta Baikie ya hau Binuwai da jirgin ruwa mai hayaƙi, daga baya kamfanin Neja ya kafa kantuna a wurare irin su Loko da Ibi. A 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney, a 1903 kuma ƙasar gaba ɗaya ta shiga hannunsu. Cikin kayan da jiragensu ke kawowa har da gishiri, fari tas a buhu. Daga nan darajar gishirinmu ta fara raguwa. Ba a daina dafa shi ba, amma ya daina zama abin da ayari zai yi tafiyar wata guda dominsa. A farkon shekarun 1990 kuma gwamnati ta wajabta sa sinadarin aidin a gishirin ci don maganin maƙoƙo, gishirin kamfani ya ƙara mamaye kasuwa.

Abu na biyu da ya sauya ƙasar shi ne jirgin ƙasa. Layin dogo na gabas, daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi da Lafia zuwa Kafancan, ya haɗe da Kaduna a 1927, aka buɗe gadar Makurɗi a 1932. Agyaragu ta samu tasha, shi ya sa har yau ake cewa Agyaragun Tasha. Jaki ya ba jirgi wuri, daga baya jirgi ya ba babbar mota wuri. Kayan ciniki ma suka sauya, suka koma doya, riɗi, agushi, dawa da shinkafa.

To amma mai karatu ya je kasuwar doya ta Agyaragu ya tsaya ya lura. Manomi zai kawo doyarsa, ko Bamigili ne ko Ba'alago ko Tiv ko Eggon. Mai saye ya zo daga Kano ko Legas, bai san kowa ba. Dillali zai tsaya a tsakani, a ƙirga ƙwarya-ƙwarya, kowace ƙwarya doya 100, a yi ciniki da Hausa, wani lokaci a loda mota kafin kuɗi su cika, bisa maganar mutum ɗaya. Wannan shi ne aikin fatoma na da, kaya ne kawai suka sauya.

A ɓangaren mulki ma an yi ta juya mu. Muna Lardin Binuwai a zamanin Turawa, muka shiga Jihar Binuwai-Filato a 1967, Jihar Filato a 1976, sannan Jihar Nasarawa ranar 1 ga Oktoba, 1996. Kowane sauyi ya matso da gwamnati kusa, ya kuma ƙara wa tambayar wane ne ɗan ƙasa nauyi, domin yanzu akwai kujera da aiki da gurbin karatu da za a raba.

Garuruwan da gishirinsu ya kashe namu

Gishirin da ya rage wa na Keana da Awe kasuwa, mafi yawansa daga wani lardi na Ingila yake fitowa mai suna Cheshire, ta tashar jiragen ruwa ta Libaful. Can ma ƙananan garuruwan kasuwa ne da suka tashi a kan ruwan gishiri, irin su Nantwich da Northwich. Su ma abin da ya same mu ya same su. A Nantwich an dafa gishiri tun zamanin Rumawa, amma gidan dafawa na ƙarshe ya rufe a 1856. Kusa da Northwich akwai wata masana'anta, Lion Salt Works, wadda aka kafa a 1894, babbar kasuwarta kuma ita ce Afirka ta Yamma, musamman Nijeriya. Yaƙin basasarmu na 1967 zuwa 1970 ya karya mata ciniki, a 1986 ta rufe. Ikon Allah, kowa da ranarsa.

Abin da ya sa na kawo su shi ne abin da suka yi bayan sana'ar ta mutu. Ba su bar masana'antar ta ruɓe ba, sun gyara ta, a 2015 aka buɗe ta a matsayin gidan tarihi, yara suna zuwa suna ganin tasoshin da kakanninsu suka dafa gishiri a ciki. Nantwich kuwa gobara ta cinye mafi yawanta a watan Disamba na 1583, Sarauniya Elizabet ta Farko ta ba da gudummawa aka sake gina ta, kuma har yau mutanen garin za su nuna maka gidajen da aka gina bayan wutar, domin an rubuta. Ba su fi mu tarihi ba, sun fi mu ajiya ne. Mu gininmu na ƙasa ne da ciyawa, ba ya jure damina 100, saboda haka tarihinmu yana cikin kawunan tsofaffi, su kuwa kullum tafiya suke yi.

Ranar da kasuwa ta watse

Mu ma mun ga wuta, tamu kuma hannun mutum ne ya kunna ta. A watan Yuni na 2001 aka kashe Sarkin Azara Alhaji Musa Ibrahim a kan hanya, rikici ya ɓarke a kudancin jihar, aka rasa rayuka da yawa, dubban Tiv suka tsere zuwa Jihar Binuwai. A watan Mayu na 2013 aka kashe jami'an tsaro masu yawa a Alakyo, a watan Satumba na shekarar kuma faɗan da ya haɗa da 'yan ƙungiyar Ombatse ya iso Obi da Assakio, aka ƙona gidaje, mutane suka watse. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kiyaye na gaba.

Ban kawo wannan don tono ko ɗora wa wata ƙabila laifi ba. Abin lura shi ne, a duk lokacin da aka yi irin wannan, ko da ba da mu ake faɗan ba, kasuwa ce take fara mutuwa. Manomi ba ya zuwa gona, mai mota ba ya shigowa, bashin da ke tsakanin dillali da manomi ya bi ruwa. Mai gona idan ƙura ta lafa zai koma gonarsa. Mu da jarinmu shi ne mutane su haɗu su yarda da juna, me za mu koma wa? Don haka babu wanda zaman lafiyar Obi ya fi amfana kamar Bahaushen Obi, babu kuma wanda ya kamata ya fi shi guje wa ɗaukar ɓangare a rigimar maƙwabta.

To mene ne gadonmu?

Tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya damar zama inda ya so a sashe na 41, ya hana nuna masa bambanci saboda ƙabila ko asali a sashe na 42, ya ba shi damar mallakar ƙasa da gida ko'ina a sashe na 43. Wannan haƙƙinmu ne, mu san shi, mu nema ta hanyar doka. Amma kakanninmu sun zauna nan tun babu wannan takarda. Abin da ya zaunar da su shi ne sun zo da amfani, sun girmama mai gari, sun riƙe amana. Ana cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Mu dai mun wuce raɓa, tunda rana ta fito ta faɗi shekara da shekaru muna nan. Amma daɗewa ba ta mayar da zango fada, kuma ba ta hana mazaunin zango zama ɗan gari na gaskiya, mai kishinsa.

Ga shawarwarina ga 'yan uwa, musamman matasa masu ilimin zamani.

Na farko, kowa ya zauna da tsohon da ya rage a gidansu, mace ko namiji, ya ɗauki maganarsa da wayar hannu. A tambaye shi daga wane gari aka taso, wace sana'a aka zo da ita, a zamanin wane Osuko, wa ya sauke mu, wa ya ba da filin gida da na masallaci da na maƙabarta. Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce mafi muhimmanci, domin jikokin wancan mai masauki suna nan, kuma ya kamata 'ya'yanmu su san gidansu.

Na biyu, abin da aka tara a rubuta shi, a ajiye kwafi a wani gari. Mun ga yadda wuta ke cinye takardun fili da na gado a dare ɗaya. Ɗalibanmu da ke Jami'ar Tarayya ta Lafia, wadda aka kafa a 2011, za su iya yin bincikensu na kammala karatu a kan zangonmu da kasuwanninmu. A Kaduna akwai Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da kuma Gidan Arewa, inda rahotannin zamanin Turawa suke jiran mai karantawa.

Na uku, mu koyi harshen masu gari. Kusan kowa a Obi yana jin Hausa, amma mu nawa ne za su iya gaida dattijo da Alago? Fatoman da ya yi wa kakanmu tafinta harshe biyu ko uku yake ji. Kuma mu kira kowa da sunan da yake kiran kansa. Tsohon sunan nan da ake kiran Tiv da shi, wanda har Turawa suka taɓa sa wa lardi kafin a sauya a 1926, ba sa sonsa, a bar shi.

Na huɗu, mu shiga hidimar gari gaba ɗayanta, ba ta unguwarmu kaɗai ba. Gyaran rijiya, makaranta, asibiti, magudanar kasuwa, zaman sulhu, ta'aziyyar maƙwabci ko da ba addininmu ɗaya ba. Mutum ba ya cewa gari nasa ne ranar rabo kawai.

Maganar tana da gaggawa, domin a watan Maris na 2023 kamfanin mai na ƙasa ya fara haƙa rijiyar neman ɗanyen mai ta Ebenyi a Ƙaramar Hukumar Obi. Ko an samu abin da ake nema ko ba a samu ba, ƙasar da ta ba da gishiri da kwal ta sake jan idon duniya, kuma duk inda aka ji ƙanshin arziki maganar fili da asali takan yi zafi. Sababbin baƙi za su zo kamar yadda kakanninmu suka zo. Idan mun san tarihinmu da na masu masaukinmu, za mu iya tsayawa a inda muka saba tsayawa, wato tsakanin mai kaya da mai saye, kowa ya yarda da mu. Idan kuwa muka bari tsofaffi suka tafi da shi, wasu ne za su ba da labarinmu, kuma yadda suka ga dama za su bayar.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya saka wa waɗanda suka sauke su da alheri, Ya zaunar da Obi da Jihar Nasarawa da Nijeriya lafiya.